Gandun Drax Hall da Gidan da Ya Riƙe Shi

A watan Fabrairun 1627 wani jirgin ruwa mai suna William and John ya tsaya a gaɓar yammacin tsibirin Barbados, a wurin da ake kira Holetown a yau, ya sauke Turawan Ingila kimanin 80 tare da 'yan Afirka kimanin 10 waɗanda aka kama a hanya. Tsibirin ƙarami ne, faɗinsa duka bai wuce eka 106,000 ba, kuma a ranar da suka sauka kurmi ne ya lulluɓe shi tun daga bakin teku har kan tuddai, babu gari, babu gona, babu hayaƙin kowa. Mutanen asali da suka zauna cikinsa ƙarnuka masu yawa sun riga sun ƙare tun a ƙarni na 16, waɗansu 'yan farautar bayi na Sifaniya suka kwashe su, waɗansu suka tsere zuwa tsibiran maƙwabta. Saboda haka baƙin ba su tarar da mai ƙasa da za su yaƙa ko su yi yarjejeniya da shi ba. Rigimar mallaka ta tashi ne a tsakaninsu su kansu, kuma a fadar Landan aka yanke ta.

Wanda ya ɗauki nauyin tafiyar farko wani attajiri ne mai suna Sir William Courteen, ɗan kasuwar Landan mai tushe a ƙasar Holan. Shi ya sayi jirage, ya biya guzuri, kuma a tsarinsa mutanen da ya aika ma'aikatansa ne masu karɓar lada, ƙasar kuwa tasa ce. Kyaftin ɗin jirgin, Henry Powell, ya zarce zuwa gaɓar Guyana ya ɗauko 'yan ƙabilar Arawak kimanin 30 domin su koya wa baƙin noman rogo da masara da taba, bisa alkawarin za su zauna a matsayin 'ya'ya. Ba a daɗe ba aka karya alkawarin aka mai da su bayi. Amma Courteen ya yi sakaci da abu ɗaya, bai riƙe takardar sarki a hannunsa ba. A watan Yulin 1627 Sarki Charles na Ɗaya ya ba wani bafadensa mai tarin bashi, James Hay, mai riƙe da sarautar Carlisle, dukan tsibiran wannan yanki. Carlisle ya yanka eka 10,000 ya miƙa wa 'yan kasuwar da suke bin sa kuɗi, su kuma suka aika nasu mutanen a 1628, suka kafa sansani a inda birnin Bridgetown yake yanzu. Tsibiri ɗaya ya zama da gwamnoni biyu, kowane yana kama na ɗayan yana ɗaurewa, har zuwa 1629 da aka yanke hukunci a Landan cewa takardar Carlisle ce mai aiki. Courteen, wanda ya zuba dukiyarsa ya buɗe wurin, ya tashi a tutar babu.

Daga wannan hukunci ne mallakar ƙasa a Barbados ta samo asali. Gwamnonin Carlisle suka shiga rabon filaye ga duk wanda ya yarda ya biya haraji na shekara, aka kuma ɗora yawan fili a kan yawan barorin da mutum zai iya kawowa, eka 10 ga kowane bara. Cikin shekara 10 aka raba mafi yawan tsibirin, kuma jerin sunayen da aka rubuta a 1638 ya nuna mutum 764 masu eka 10 ko fiye. A cikinsu akwai James Drax, ɗan wani gida mai rufin asiri daga gundumar Warwickshire a tsakiyar Ingila, wanda ya iso tsibirin cikin rukunin farko yana matashi ɗan shekara kimanin 18, da jarin da bai haura fam 300 ba. Shekaru da yawa bayan haka ya gaya wa wani limamin coci Bafaranshe, Antoine Biet, cewa shi da abokansa a kogon dutse suka fara kwana, suna farauta suna sare daji. Zuwa farkon shekarun 1640, wannan matashi ya mallaki fiye da eka 400.

Fili kam ya samu, sai dai filin bai kawo arziki ba tukuna. Tabar Barbados ba ta da daraja a kasuwar Landan in aka gwada ta da ta Virginia, auduga da baba kuma sun ɗan yi kasuwa sa'an nan farashinsu ya faɗi. Masu aikin gonakin a wannan zamani galibinsu talakawan Ingila ne da Ireland da Scotland, barorin wa'adi, waɗanda suka sa hannu za su yi bauta shekara 4 zuwa 7 a madadin kuɗin jirgi, da fatan in sun gama a ba su ɗan fili. Duk da haka, tun a 1636 gwamna Henry Hawley da majalisarsa sun zartar cewa duk baƙar fata ko ɗan asalin yankin da aka kawo sayarwa zai yi bauta har mutuwa, sai fa in akwai yarjejeniyar da ta faɗi akasin haka. A ranar da aka yi wannan doka mutanen da ta shafa kaɗan ne a tsibirin. Shekara 10 bayanta, ita ce ta zama ginshiƙin kome.

Abin da ya juya tarihin ya zo ne daga Birazil. Tun 1630 Holan ta ƙwace yankin Pernambuco daga hannun Fotugal, yankin da ya fi ko'ina samar da sukari a duniyar wannan lokaci, kuma 'yan kasuwarta suna neman sabbin manoman da za su sayar wa kayan aiki da bayi a kan bashi, su karɓi sukari. A farkon shekarun 1640 Drax da wani maƙwabcinsa, James Holdip, suka shiga gwajin rake. Gwajin farko bai yi kyau ba: suna yanke raken tun bai nuna ba, sukarin ya fito jiƙaƙƙe, cike da datti, ba mai saye. Sai da aka koyo daga Birazil cewa rake yana bukatar kimanin wata 15 a ƙasa, aka koyo yadda ake jera tukwane da yadda ake tace sukari, sa'an nan sana'ar ta miƙe. Drax ya riga kowa ƙwarewa, ya kuma riƙe sirrin na ɗan lokaci. Da yaƙi ya ɓarke a Pernambuco a 1645 ya lalata gonakin can, farashin sukari ya yi tashin gwauron zabo a Turai, a daidai lokacin da Drax yake da rake a ƙasa da injin matsa a tsaye.

Sai an dubi aikin da kyau za a gane dalilin da ya sa rake ya cinye ƙananan manoma. Da zarar an yanke shi dole a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwansa ya yi tsami. Injin gungume uku ne a tsaye, shanu ko dawakai suna zagaye suna juya su, daga baya aka koma ga injin iska; mutum yana tura rake ta wannan gefe, wani yana mayar da shi ta wancan, ruwan yana bin kwata zuwa ɗakin dahuwa. A can akwai jerin tukwanen tagulla, daga babba zuwa ƙarama, wuta tana ci ƙarƙashinsu dare da rana tsawon watannin girbi, ana kwashe kumfa, ana juye ruwan daga tukunya zuwa tukunya har ya yi kauri, sai a zuba shi cikin tukwanen ƙasa masu huda a gindi ya tsiyaye. Abin da ya tsiyaye shi ake dafawa a yi barasa. A gefen injin akan ajiye gatari, domin in gungume ya kama yatsun mai tura rake ba ya saki, sai an datse hannun. A Birazil masu noman rake daban suke da mai injin. Drax ya haɗa gona da inji da ɗakin dahuwa a hannun mutum ɗaya, ƙarƙashin umarni ɗaya, kuma irin wannan gandu ba ya tsayuwa sai da fili mai faɗi, da jari mai yawa, da ɗaruruwan hannuwa waɗanda ba su da ikon cewa sun gaji.

Sakamakon ya bayyana a farashin ƙasa. Richard Ligon, wanda ya zauna a tsibirin daga 1647 zuwa 1650 ya kuma rubuta tarihinsa, ya ba da labarin wata gona mai eka 500 wadda kafin zuwan rake da fam 400 za a saye ta duka, amma a 1647 aka sayar da rabinta kaɗai a kan fam 7,000. Mai eka 10 ba shi da abin kafa inji, sai ya sayar wa maƙwabcinsa ya kama hanyar wani tsibirin ko Virginia. Bara kuwa in ya gama wa'adinsa babu sauran filin da za a ba shi, kuma da labari ya kai Ingila masu sa hannu suka ragu. Drax ya riga ya juya fuska ga Afirka: a 1641 yana da bayi 22, a 1644 ya sayi ƙarin 34 daga jirgi ɗaya, kuma zuwa farkon shekarun 1650 yana da kimanin 200 a kan fiye da eka 700 a gundumar St George, tsakiyar tsibirin, inda ƙasa ta fi albarka. Ligon ya ji shi da kunnensa yana cewa ba zai koma Ingila da zama ba sai ya iya sayen ƙasar da za ta riƙa ba shi fam 10,000 a shekara.

Yaƙin basasar Ingila ya ɗan katse masa hanzari. Manyan tsibirin sun daɗe suna kame bakinsu daga rigimar sarki da majalisa domin kasuwa ta ci gaba, amma bayan an fille wa Sarki Charles kai a 1649, magoya bayan sarauta suka karɓe iko a 1650, suka ci 'yan ɓangaren majalisa tara suka kore su, har da Drax. Ya tafi Landan ya kai ƙara, ya dawo a 1651 cikin rundunar jiragen majalisa ƙarƙashin Sir George Ayscue, ya shiga cikin masu shiga tsakani, har aka yi sulhu a watan Janairun 1652 aka mayar wa kowa gonarsa. A cikin waɗannan shekaru ne aka gina gidan da ya ba gandun suna, Drax Hall, babban soro na dutse irin na masu ƙasa a Ingila, mai matakala ta katako da aka sassaƙa, wanda har yau yana tsaye cikin tsofaffin gine-ginen Turawan Ingila a wannan sashe na duniya. Mai gidan bai daɗe cikinsa ba. A 1654 ya tashi zuwa Ingila, kuma Biet, wanda ya ga tafiyar da idonsa, ya ce manyan tsibirin fiye da 200 suka raka shi bakin jirgi a kan dawakai. Oliver Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin, ya ba shi muƙamin Sir a 1658. Da sarauta ta dawo a 1660 dukiyarsa ba ta taɓu ba. Ya rasu a Landan a 1662.

Shekarun da suka biyo bayan dawowar sarauta su ne suka ɗaure mallakar da igiyar doka. Takardun filayen Barbados duk daga hannun Carlisle suka fito, magadansa da masu bin sa bashi kuma suna da'awa, har masu gandaye suka ji tsoron a wayi gari a ce su 'yan haya ne kawai. A 1663 aka daidaita: sarki ya karɓi tsibirin kai tsaye, ya tabbatar wa kowa filinsa, su kuma suka yarda da harajin kashi 4 da rabi cikin 100 a kan duk abin da aka fitar, harajin da ya zauna har 1838. Kafin wannan, a 1661, majalisar tsibirin ta yi babbar dokar bayi, wadda ta ba ubangida ikon horo yadda ya ga dama, ta kuma mai da kashe bawa laifin tara kawai. Jamaika ta kwafe ta, daga baya Carolina ta Kudu ta bi sahu. A 1668 aka ƙara wata dokar da ta ce bayi ƙasa ne a wajen gado, wato suna bin gona duk inda ta je, kamar rijiya da ginin da ke cikinta. Daga nan duk wanda ya gaji Drax Hall ya gaji mutanen da ke cikinta da 'ya'yan da za su haifa.

Babban ɗan Sir James bai yi nisan kwana ba, sai gandun ya faɗa hannun ƙanensa, Henry Drax. Ƙidayar 1680 ta same shi da eka 705 da bayi 327, a tsibirin da bayi suka kusa 39,000, Turawa kuwa kimanin 20,000, kuma masu gandaye 175 suka riƙe fiye da rabin ƙasar. Lokacin da yake shirin komawa Ingila, wajen 1679, ya rubuta wa wakilinsa Richard Harwood doguwar takardar umarni, wadda ta wanzu har masu gandaye na ƙarni na gaba suka buga ta suna koyi da ita. Ya yi dogon bayani a kan taki, domin shekara 40 na rake sun gajiyar da ƙasar. Ya yi bayani a kan shanu da tukwane da lissafi. Ya ce a ciyar da bayi a kula da marasa lafiya, a hukunta ɓarawon sukari da tsanani. Ya ambaci wani bawa mai suna Moncky Nocco, wanda shi ne sarkin gandu, ya yabe shi ya ce a fifita shi a wajen abinci. Sa'an nan, cikin wannan murya ta mai lissafi, ya ce a riƙa sayen sabbin bayi 10 zuwa 15 kowace shekara domin cike gurbin waɗanda za su mutu, ya fi son kuma a sayo na Kormantin, wato gaɓar ƙasar Gana ta yau. Mutumin da ya rubuta wannan ya san gandunsa yana kashe mutane fiye da yadda ake haihuwa cikinsa, ya sa asarar cikin kasafin shekara, ya wuce zuwa batu na gaba. A ganina babu wata shaida a kan gidan Drax da ta fi wannan layi nauyi, domin da hannun ɗan gidan aka rubuta ta. Shekara 4 kafin haka, a 1675, an gano shirin tawayen bayin Kormantin, waɗanda suka yi niyyar naɗa wani dattijo mai suna Cuffee sarki, aka ƙona waɗansu da rai aka fille wa waɗansu kai.

Henry Drax ya auri 'ya'yan manyan masu sarautar Ingila har sau biyu, amma ya rasu a 1682 bai bar ɗa ba. A nan ne, bisa al'ada, ya kamata sunan ya ƙare, shekara 55 bayan saukar jirgin farko. Mai karatu da ya saba da rabon gado, inda ake kasa dukiya tsakanin 'ya'ya maza da mata da matan aure har babbar gona ta zama gayauna bayan jikoki, zai bukaci sanin cewa masu ƙasa a Ingila akasin haka suke yi: magaji ɗaya ke ɗaukar ƙasa dunƙule, wasiyya kuma tana iya ɗora masa sharaɗi. Henry ya bar gandun ga ɗan 'yar'uwarsa, Thomas Shatterden, wanda ya ajiye sunan mahaifinsa ya ɗauki Drax. Wannan dabara ita ce ta riƙe gidan daga nan gaba, domin sau da yawa zuriyar maza ta yanke, kuma kowane karo mijin magajiya ko ɗanta ya ɗauki sunan domin ya ɗauki ƙasar.

Ɗan Thomas, wani Henry Drax, ya auri Elizabeth Ernle, magajiyar gidan Charborough a gundumar Dorset, ya shiga majalisar dokokin Birtaniya, ya zama sakataren yarima mai jiran gado, ya rasu a 1755. Daga zamaninsa Charborough ta zama mazaunin iyalin, Drax Hall kuwa ta zama wuri mai nisa da wakilai ke gudanarwa, ana aiko da lissafi da sukari. Jikarsa Sarah Frances ta auri Richard Grosvenor, ya ƙara sunan matarsa a kan nasa. 'Yarsu Jane Frances ta auri John Sawbridge a 1827, shi ma ya zama Erle-Drax. Wani reshen dangin ya kafa wata Drax Hall a Jamaika tun 1669, amma ita ta fita daga hannunsu ta koma wani gida mai suna Beckford.

A hannun wannan suruki, John Sawbridge Erle-Drax, ƙarshen bauta ya sami gandun. Birtaniya ta hana cinikin bayi a teku a 1807. A watan Afrilun 1816 bayin Barbados suka yi babban tawayen da ake dangantawa da wani bawa mai suna Bussa, aka murƙushe shi da kisan ɗaruruwa. A 1833 majalisa ta zartar da dokar 'yanta bayi, ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1834. Dokar ta ware fam miliyan 20 na diyya, kuma iyayengiji aka biya, domin su doka ta ɗauka a matsayin waɗanda suka yi asarar dukiya. A 1836 aka biya Erle-Drax fam 4,293 a kan mutum 189 na Drax Hall. Waɗanda aka 'yanta ba su sami ko sisi ba, aka ma tilasta musu ci gaba da aiki kyauta da sunan koyon sana'a har 1838. Da wa'adin ya cika, babu inda za su: a Jamaika akwai duwatsu da dazuzzukan da mutum zai shiga ya sari gona, amma a Barbados rabon shekarun 1630 bai bar ko taki ɗaya marar mai shi ba. Suka zauna a gefen gandayen a matsayin 'yan haya, a ƙananan ɗakunan katako da ake iya kwancewa a ɗauka, domin ranar da mutum ya ƙi aikin mai gandu ranar zai tashi daga filinsa. A waɗannan shekaru ne mai Charborough ya kewaye gidansa na Dorset da katangar bulo mai tsawon mil 3, wadda matafiya ke wucewa ta gefenta har yau.

Gadon ya sake bi ta hannun mata zuwa gidan Plunkett na Ireland, kuma a 1916 wani hafsan sojan ruwa, Reginald Plunkett, ya ɗauki dogon sunan Plunkett-Ernle-Erle-Drax. Shi ne ya jagoranci tawagar Birtaniya zuwa Moscow a 1939. Barbados ta sami 'yancin kai ranar 30 ga Nuwamban 1966, ta zama jamhuriya a rana irinta a 2021, gandun bai canja hannu ba. Jikan hafsan, Richard Drax, ɗan majalisar Birtaniya mai wakiltar Dorset ta Kudu daga 2010 zuwa 2024, ya gaje shi bayan rasuwar mahaifinsa a 2017, tare da kusan eka 14,000 a Dorset. Masanin tarihi Sir Hilary Beckles, shugaban hukumar neman diyya ta ƙasashen Karibiyan, ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne suka mutu cikin bauta a gandayen Drax na Barbados da Jamaika, ya nemi gidan Drax ya biya diyya. Richard Drax ya amsa cewa abin da kakanninsa suka yi abin baƙin ciki ne ƙwarai, amma ba za a ɗora wa mutumin yau alhakin abin da ya faru ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba.

A farkon 2024 gwamnatin Barbados ta shirya sayen kimanin eka 50 na gandun a kan kusan fam miliyan 3 domin gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje. Jama'a suka yi ca, suna cewa wannan diyya ce ta biyu ga gidan da aka riga aka biya a 1836, kuma a watan Afrilu firayim minista Mia Mottley ta dakatar da cinikin. A watan Yulin wannan shekara Richard Drax ya faɗi zaɓe ya bar majalisa. Drax Hall, mai eka 617, tana nan a hannunsa, kuma ana noman rake cikinta.